Sun Goge Muryarki, Yaya

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah ya karɓi ran Ƙararrawa a ɗakin 'yarta, bayan jinyar shekara biyar. Duniya ta sa miki wannan suna saboda muryarki. Ni kuwa Yaya nake ce miki, kuma da shi zan kira ki a nan.

Wanda bai san ni ba bai yi laifi ba, aikina ne kada a gan ni. Shekara ashirin da shida ina zaune a bayan labulen dandali, littafin wasa a cinyata, duk ɗan wasan da ya manta maganarsa in raɗa masa. Na fitar da mutane da yawa daga kunya, wasunsu yanzu ko gaisuwata ba sa amsawa. Ke kaɗai ce ban taɓa yi wa amfani ba. In kin zo wucewa sai ki ja kunnena ki ce, "Ƙanwata, yau ma zaman banza za ki yi a kaina."

Ina tuna ranar da wuta ta ɗauke ana tsakiyar wasan unguwarzoma, zaure cike maƙil, lasifika ta mutu. Sauran 'yan wasa suka daskare. Ke ko gezau ba ki yi ba. Kika matso bakin dandali kika ci gaba, har mai gadin da ke ƙofar waje ya ce bai rasa kalma ɗaya ba. Kuma a wannan wasan ne kika rufa mini asiri. Ina shayar da ɗana na fari, ba ni da mai riƙe mini shi, kullum yana kuka a bayan labule, har mai ba da umarni ya ce in zaɓa, ko yaron ko aikin. Kika karɓe shi kika goya, kika shiga dandali da shi a bayanki. "Unguwarzoma ce ni," kika ce masa, "in ba a gan ni da jariri ba, da me za a gan ni?" Wata huɗu yaron nan yana fitowa a wasa, kuma a bayanki bai taɓa yin kuka ba.

Daga nan gidan talabijin ya ɗauke ki. Shekara goma sha huɗu, kowane mako, tituna sukan yi tsit in lokacin wasanki ya yi. Kin yi alƙaliya, kin yi mahaukaciya, kin yi uwar da ta kai ɗanta ƙara da kanta. Lambobin yabo kuwa har kika rasa bangon rataye su.

Sai ciwon maƙogwaro ya zo. Da muryar ta fara dishewa, masu shirya fim ba su fasa kiranki ba, domin fuskarki tana sayar musu da kaya. Suka ɗauke ki a fim uku, suka cire maganarki, suka ɗora muryar wata yarinya mai tallan man shafawa a rediyo a kan bakinki. Ko shawararki ba su nema ba, a akwatin talabijin kika gani kamar kowa. Tir da wannan hali! Bayan haka aka yi miki aikin da ya tafi da muryar gaba ɗaya, kika koma magana da biro da takarda.

Jikarki bayan aikin aka haife ta. Shekararta huɗu, ba ta taɓa jin kin ce uffan ba. Bara, da jiki ya yi tsanani, kika rubuta mini: "Ina so yarinyar nan ta ji ni ko sau ɗaya ina raye. Je ki gidan talabijin." Mun riga mun birkice akwatunan gida, ba mu samu komai ba sai hotuna. Duk mun sakankance cewa can ana ajiye da komai.

Sau goma sha ɗaya na je, Yaya. Shugaban gidan, wanda ke kika koya wa yadda ake jan numfashi lokacin yana ɗan karanta labarai yana haki, kullum maganarsa ɗaya: "Mama, ki kwantar da hankalinki, ana dubawa. Ki dawo mako mai zuwa." A zuwa na goma sha ɗaya ne tsohon da ke kula da ɗakin ajiya ya ji tausayin ƙafata, ya ja ni ciki. Ya ɗauko mini kaset. Ga sunanki a jiki, an soke shi da jan biro, an rubuta a ƙasa: bikin buɗe sabon ofis. An goge wasanki, an naɗi wannan a kai. Ya ɗauko wani, tallan sabulu. Wani kuma jawabin wani babba da shi kansa tsohon ya manta ko wane ne. Sauran, in ji shi, rufi ya yi yoyo a kansu, da za a yi fenti aka kwashe aka ƙona a bayan gini. "Shugaba ya sani?" na tambaye shi. Ya ce, "Shi ya sa hannu."

Ga laifina, ki yafe mini. Na dawo na ce miki ana dubawa. Maganar shugaban na ɗauko na kawo miki, wata bakwai ina maimaita ta. Rana ta ƙarshe da na faɗa, kika daɗe kina kallona, sannan kika miƙo hannu kika ja kunnena.

Ba a daɗe da dawowa daga maƙabarta ba sai ga shugaban gidan talabijin da mota biyu da masu ɗaukar hoto. Ya jira aka saita na'ura kafin ya fiddo hankici. Da kunnena na ji ya ce taskarsu cike take da ayyukanki, kuma za su adana su domin 'yan baya. Waɗanda shekara biyar ba su taka ƙofar nan ba suka yi layi a bayansa, kowa na gyara mayafi, kowa na cewa ke ce uwarsa a sana'a. Wallahi sai da na fita bayan gida na tofar da yawu. Na sha ganin wasan kwaikwayo mara kyau, amma ban taɓa ganin na ƙazanta irin wannan ba.

Washegari da la'asar suka sa shirin tunawa da ke a talabijin. Muna falo, jikarki tana cinyata. Suka rubuta da manyan baƙaƙe, "Muryar da ba za ta mutu ba." Sannan suka sako ɗaya daga cikin fina-finan nan uku: fuskarki, bakinki yana motsi, muryar mai tallan man shafawa tana fita.

Yarinyar ta zabura da murna. "Inna, ashe haka Kaka take magana?"

'Yarki ta juyo ta zuba mini ido, irin kallon da na saba gani daga dandali in magana ta ɓace wa mutum. Da na ce e, da yarinyar ta kwana da farin ciki, da burinki ya cika ko da na bogi ne. Amma ƙaryar wata bakwai ta ishe ni. Na ce, "A'a, 'yar nan. Wannan ba ita ba ce."

Ta ce, "To yaya tata take?"

Duk kalmar da kika taɓa faɗa a dandali tana kaina, ko ɗaya ban manta ba. Na buɗe baki, na rasa abin da zan raɗa mata.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarki da mijinta, da ƙannenki biyu, da duk wanda ya ƙaunace ki tun kina iya amsa masa. Allah ya ba su haƙuri. Waɗanda suka yi wannan aiki kuwa, na bar su da Wanda ba a goge abin da ya rubuta. Allah ya jiƙan ki, Yaya, ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki, ya sa jinyarki ta zama kaffara. Allah ya mayar miki da muryarki a Aljanna, ya raya yarinyar nan bisa imani, ya haɗa ku a can, ki ba ta amsar da kanki.