Hamma Umaru da Tsutsar Karan Dawa

Bana shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Hamma Umaru, malamin gona a Yola zamanin Jihar Arewa maso Gabas. Duk lokacin da sanyi ya shigo na ga an jingina karan dawa a gindin bishiya, sai raina ya ɓaci, in tuna shi.

Ina budurwa ya fara nuna mini abin. Wata safiya ta sanyi ina tsintar shinkafa, ya zo da busasshen kara, ya tsaga da wuƙa, ya kakkaɓe a faifaina. Sai ga tsutsa fara fat, mai ƙiba, tana lanƙwashewa a hankali. Na zubar da shinkafar, ranar ban ci tuwo ba. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce wannan ce mai cin zuciyar dawa da damina. In kaka ta yi sai ta shige cikin kara, ta daina ci, ta kwanta kamar matacciya, kitsen da ta tara yana riƙe da ita, karan yana tare mata sanyi. Ruwan farko na sauka ta farka, ta rikiɗe ta yi fiffike, ta je ta zuba ƙwai a sabuwar shuka.

Maganin da ya kawo bai fi ƙarfin kowa ba: a babbake kara sama-sama, ko a shimfiɗa shi a rana ya gasu. Amma mutanenmu darni fari tas suke so, kuma a tsaye suke ajiye kara a inuwa don kada ya karye. Bappanmu, ɗan'uwan mahaifinmu, ya ce masa, "Umaru, darnina ba zai yi baƙi ba. Mutane su ce gobara ya ci gidana?" Daga Rumde har kasuwar Jimeta aka laƙaba masa Malam Tsutsa. Manyan mutane da furfura, suna dariyar wanda ya zo ceton hatsinsu. Har yau abin yana ba ni ƙyama.

Sai ya ce bari ya gwada a gida kowa ya gani. Ya shimfiɗa karan gonarmu a tsakar gida, ya tafi rangadin ƙauyuka. A wannan makon ne dangin wanda zan aura za su zo gaisuwa. Na ga gida ya zama kamar juji, na tattara karan kaf na jingina a ƙarƙashin darbejiya. Da ya dawo na ce Bappa ne ya sa. Da damina dawarmu ta tashi kore shar, sannan zuciyarta ta bushe. Aka yi ta zuwa kallon gonar malamin gona. Daga shekarar bai ƙara tsaga kara a gaban jama'a ba.

Yau unguwannin Karewa da Shagari Low Cost duk bulo ne, babu mai neman darni. Amma ka leƙa gonakin bakin Binuwai, karan na nan a tsaye a inuwa, tsutsa na barcinta. Da damina a ɗauko magani a yi ta feshi babu ko ƙyalle a hanci, ana tari, ana cewa dawa ta lalace. Da Hamma zai gani, na san wuƙarsa kawai zai laluba a aljihu, sannan ya fasa zaro ta.

Ban taɓa gaya masa gaskiya ba, ya rasu yana zaton Bappa ne. Ƙyamar da nake yi wa tsutsar nan ba ta kai wadda nake yi wa kaina ba. Wuƙar tana hannuna yanzu. Duk kaka nakan shimfiɗa karan 'yar gonata a ƙofar gida, in tsaga wa duk wanda ya tsaya. Matan unguwa sun fara kirana Goggo Tsutsa, suna tsammanin zan ji haushi. Nakan amsa tun kafin su rufe baki.