Haladu Mai Gadin Fir'auna

Duk wanda ya taɓa zama cin shinkafa da 'yan Arewa a Asian Town ranar Juma'a ya san Haladu ɗan Liman Ɗalhatu, don ko ba ka gan shi ba sai ka ji muryarsa. Dogo ne siriri, kullum fuska a yamutse kamar wanda ya taka kashin kaji. Shekararsa tara a Doha yana aikin gadi, amma in ka biye wa bakinsa, shi ne shehin malamin tarihin duniya da Allah ya turo wa direbobi da masu gadi.

Karatun nasa fa? Ya sauke Alƙur'ani a zauren mahaifinsa, can wani ƙauye a gindin dutsen Kwatarkwashi, ya ɗan leƙa ƙissoshin annabawa, ya yi aji uku a sakandare ya ce malaman ba su da abin koya masa. Da wannan ɗan guzurin yake zama ya yanke wa al'ummomin duniya hukunci, loma na hannunsa. Misrawan dā? "Wawaye, sun ƙare rayuwarsu suna jibga duwatsu don a binne mutum ɗaya." Rumawa? "Mashaya, ba wando." Mutanen Babila kuwa ko tsaki ba ya gama ja musu. "Sarkin da sauro ya gama da shi, har a zo ana ba ni labarinsa?" In wani ya ce uffan, sai ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai da ba ka san komai ba sai sitiyari." Haka za a bar shi yana ta zuba, shinkafarsa na hucewa.

Abin da ya sa yake jin ya fi kowa sanin waɗannan mutane shi ne da su yake wuni. Wani attajiri ne ya tara kayan mutanen dā a wani katafaren gida a wajen Al Mirqab, ya buɗe wa masu kallo, kamfanin su Haladu ya samu gadin wurin. Akwai kan wani Fir'auna na baƙin dutse da hancinsa a gutsure, akwai bijimi mai fuka-fuki da gemun mutum, akwai wata mata ta Girkawa da ba hannu ba mayafi. Haladu da ƙafar hagu yake shiga zauren, yadda ake shiga bayan gida, yana a'uziyya. Ya tsani gumakan, ya tsani Turawan da ke tsayawa gabansu suna rage murya, ya tsani mai gidan da ke kunna wa dutse na'urar sanyi alhali 'yan Adam na gasuwa a waje. Duk wannan tsanar ba ta taɓa hana shi daka wa yaro tsawa in ya kai hannu kusa da gilashi ba, kuma sau biyu ana ba shi takardar yabo.

To ga inda gizo ke saƙar. Liman Ɗalhatu, tsoho mai shekara tamanin ba biyu, mutum ne da ko kalanda mai hoton mutum ba ya bari a rataya masa a ɗaki. Da Haladu ya samu aikin, sai ya ce wa tsohon gidan ajiyar tsofaffin Alƙur'anai da littattafan malamai yake gadi. Ba ƙarya ce tsagwaronta ba, a cewarsa, tunda akwai wani ɗan ɗaki a ƙuryar gidan mai rubutattun takardu guda shida. A gaban ɗakin nan yake ɗaukar duk hoton da zai tura gida. Matarsa Atine ba ta sani ba, ƙanwarsa Sauda ba ta sani ba. A duniya babu abin da Haladu ke tsoro kamar ranar da mahaifinsa zai ji cewa hatsin da ke rumbunsa daga gadin gumaka ya fito.

Ranar da asirin ya tonu, ba maƙiyi ne ya tona shi ba. Wata Asabar da hantsi Dakta Abdulganiyu ya shigo da iyalinsa. Ɗan garinsu ne, malamin jami'a, yana zaune a unguwar Abu Hamour, nan Doha, irin mutanen nan da ke murmushi ko ana zaginsu. Haladu ya hango shi ya so ya sulale, amma ina, Dakta ya riga ya ɗaga hannu.

"A'a, Malam Haladu! Ashe nan kake? Ina gajiya, ya mutanen gida, ya ƙarfin jikin Liman?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe," in ji Haladu, yana russunawa.

Da ya yi shiru daga nan, da ya tsira, don Dakta ba mai kai gulma ba ne. Sai dai a makon ne aka kawo wani sabon abu, kan mutum na yumɓu, mai manyan girare da gemu tsinini. Dakta ya tsaya gabansa har idonsa ya kawo ruwa. Ya ce wa 'ya'yansa, "Ku duba da kyau. Daga ƙasarmu aka tono shi. Kakanninmu ne suka gina shi da hannunsu, tun kafin a san da yawancin garuruwan da kuke karantawa."

"Kakannin wa?" Maganar ta kuɓuce wa Haladu. "Ranka ya daɗe, a dai yi hattara. Kakannin maguzawa dai. Irin wannan tarkacen ai garma ke tono shi a gonakinmu, Liman ya sa a farfasa a zuba a rami. Yau shi aka sa a gilashi ana haska masa fitila? Tir!"

Maimakon Dakta ya ji haushi, sai ya yi farin ciki, ya zaro waya. "Kai, Malam Haladu, ashe ka san su da idonka! Wannan bayani ai bai kamata ya tsaya a nan ba. Maimaita, don Allah."

Wayyo Haladu! Shekara tara yana wa'azi ga masu cin shinkafa da ba sa ko ɗaga kai, yau ga mai digiri uku ya saita masa waya yana roƙonsa ya yi magana. Ya gyara hula, ya ja rigar aiki ta zauna, ya yi gyaran murya. Ya fara da kan yumɓun, ya wuce ga bijimin, ya ba da labarin Namarudu da sauro tun daga farko. Ya isa gaban Fir'auna ya nuna hancin da yatsa ya ce, "Ga wanda ya ce shi ne Ubangiji, yau ni Haladu nake tsaye a kansa, shekara tara cur, ko ƙuda bai isa ya sauka a kansa ba sai da izinina." Sannan, da yake ba a yi Bahaushen da zai ga waya a gabansa ya rufe magana ba gaisuwa, sai ya shiga jero mutanen gida. Ya gaida hakimi, ya gaida 'yan majalisar bakin kasuwa, ya gaida Atine da yara, ya rufe da "mahaifina Liman Ɗalhatu, Allah ya ƙara masa lafiya." Matar Girkawan nan tana tsaye a bayansa tun daga farkon gaisuwar har ƙarshenta.

Sai da ya zauna a motar kamfani da la'asar hankalinsa ya dawo jikinsa. Ya buɗe waya. Dakta ya riga ya saka bidiyon a zauren WhatsApp na 'yan garinsu, har da rubutu a ƙasa: "Ɗanmu abin alfaharinmu." Mutum sittin da ɗaya sun gani.

Kwana uku ba kira daga gida. Haladu ya zagi Dakta a zuci, ya zagi boko, ya zagi wanda ya ƙirƙiro waya, bai dai zagi bakinsa ba. Ya shirya hujjoji kala-kala: ai izina ce, ai an ce a yi tafiya a bayan ƙasa a ga ƙarshen azzalumai, ai shi gilashi yake gadi. Ranar Laraba, lokacin hutun azahar, yana zaune a bayan gini inda masu gadi ke shan shayi, Sauda ta kira. Ba ta ko gaishe shi sosai ba ta ce, "Yaya, ga Baba."

Haladu ya miƙe tsaye, ya cire hula, ya soma: "Baba, Allah ya ja kwana, wato abin da ya faru..."

"Ba faɗa na kira in yi maka ba," in ji tsohon. Muryarsa a sanyaye take. "Tambaya ɗaya ce. Tun ranar da ka ce mini Littafin Allah kake tsaro, ba Juma'ar da na sauko daga mumbari ban ce a yi addu'a ba. Nakan ce, Allah ka tsare Haladu, ka tsare abin da yake tsarewa, ka ɗaukaka shi, ka sa ya wanzu har tashin ƙiyama. Gari guda na cewa amin. Tsofaffi har kuka suke yi. Yanzu da wane baki zan gaya musu abin da suka yi shekara tara suna ce wa amin?"

Haladu ya koma ya zauna. Mutumin da ya gama da Rum da Babila a zama ɗaya, ga shi yana ta murza hula a hannu.

"Na aika wa na'ibi da sandar huɗuba," in ji Liman. "Jibi shi zai ja mutane salla. Sauda, karɓi wayarki."