Shun da ya ƙi ƙullewa

Shekarar da likita ya hana mahaifina gishiri, ina koyarwa a wata lakkwal ta Tibiri, gidanmu kuma yana unguwar Zariya, cikin birni. Mu biyu ne a gidan tun rasuwar mahaifiyata. Tansiyo, wato hawan jini, ita ce ta kayar da shi wata safiya a bakin shagonsa na ɗinki, maƙwabta suka kwashe shi zuwa asibiti. Ya tashi, alhamdu lillahi, amma da doka: a rage gishiri, a bar maiƙo, a yawaita ganye.

Baba mutum ne mai son miyar da mai ke yawo a kanta. Duk abin da na dafa bisa dokar likita, sai ya ɗanɗana sau ɗaya ya ture kwanon. Salati ya ce sanyi yake sa masa. Kwaɗon zogale ya ci kwana biyu ya ce ya gaji. Cikin wata guda wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. Ina tsaye gaban allo, hankalina na gida. Waya ta yi ƙara a jaka, gabana ya faɗi. Sha biyu da rabi in tare ɗan kabu-kabu mai babur, in yi ta ce masa ya ƙara wuta, in iso in tarar da abincin safe yadda na bar shi, in dafa wani, in koma Tibiri kafin uku. Ko ranar hutu ba na iya zama. In share tsakar gida, in sake sharewa.

Wata Asabar na kasa haƙuri na tafi Jiratawa wurin Gwaggo, yayar Baba. Ban same ta a gida ba, tana garka. Na bi bakin kanal na ban-ruwa ina tsallake taɓo har na hango ta duƙe cikin shu, wato kabeji, tana fizgar ganye tana jifa cikin masaki. Ko gaisuwa ban gama ba na fara zuba mata labari.

"Zauna tukuna," in ji ta. "Kina ta kai da kawowa kina taka mini shuka."

Na tsuguna, amma ban zauna ba.

Ta nuna mini wani layi a gefe, shun da ya ƙi ƙullewa. Ba kai, sai ganye manya-manya, kore shar har ya yi duhu. 'Yan kasuwa ba sa saye, in ji ta, awaki ake ba.

"Gwaggo, abincin awaki zan kai mishi?"

"Yo mi? Shi muka ci muna yara, ni da ubanki, lokacin da babanmu ke garka a gulbi. Ke dai kada ki kashe shi da dahuwa. Ki zare jijiyar, ki yanka siriri, wuta mai ƙarfi. Da ya yi laushi ki sauke, tun yana kore."

Ta cika mini buhu, ta ɗora albasa da tumatir a sama. Ban tsaya cin abinci ba, ta bi ni da faɗa har bakin hanya.

Ran nan da la'asar na gwada, na ɓata. Na zuba ruwa kamar mai miyar kuka, na rufe, na tafi duba Baba, na tsaya neman maganinsa, na amsa waya. Da na dawo ganyen ya koma kalar ƙasa, warinsa ya cika gida. Ban ko kai masa ba.

Litinin na shigo ƙarfe biyu saura, gyalena ko cirewa ban yi ba. Na wanke ganye shida, na zare jijiyoyin, na naɗe su kamar tabarma na yanka. Na kunna gas, na zuba man gyaɗa cokali ɗaya, albasa, tafarnuwa, tattasai, tumatir guda. Na watsa ganyen, ya yi ƙara. Wannan karon ban motsa daga gaban tukunyar ba. Ina juyawa ina kallon agogo: minti biyar, shida. Na sauke, na matsa lemun tsami a madadin gishiri, na barbaɗa ƙuli-ƙuli kaɗan. Na ajiye shi gefen 'yar shinkafar da na ɗumama.

Baba ya leƙa kwanon, ya ɗago ya dube ni.

"Wa ya ba ki wanga?"

"Gwaggo."

"Ita dai ba ta rabuwa da tsiyarta."

Ya sa hannu. Na tsaya bakin ƙofa da jaka a kafaɗa, mai kabu-kabu yana ta danna oda a waje. Loma ɗaya, biyu. Bai ce ya yi daɗi ba. Ya ce mahaifiyarsu takan sa barkono fiye da haka, kuma nata yankan ya fi nawa siriri. Yana faɗa yana ci. Na makara ranar, shugaban lakkwal ya tare ni a bakin ƙofa, na ba shi haƙuri ina murmushin da bai gane dalilinsa ba.

Ganyen bai warkar da shi ba, magani yana nan safe da yamma, kuma sau biyu na kama shi da tsire cikin aljihu. Amma ya koma cin abinci, ya koma kan kekensa na ɗinki. Ni ma ban daina firgita da ƙarar waya ba sai da damina ta wuce.

Buhu na uku da ya ƙare, ina shirin tafiya Jiratawa sai na gan shi ya fito da hula da sanda.

"Baba, ina zuwa?"

"Ke ba ki iya zaɓe ba, tsohon ganye kike kwasowa. Tare mana moto biyu."

Shekara huɗu rabonsa da gidan yayarsa. Muka kwana can.