Turaren Inna Hasiya a Tsakiyar Teku

A unguwar Jurf ta Madina, idan ka ji mata suna dariya suna cewa "mai ƙararrawa", Inna Hasiya suke nufi. Ita ce ta fito da mutanen bene guda na jirgin ruwan shaƙatawa daga ɗakunansu, wani da tawul, wani da kumfa a gemu, da ɗan kaskon turaren da bai fi tafin hannu ba.

Haifaffiyar Madina ce, jikar Damagarawan da suka zo hajji suka zauna. Tun da mijinta, mai ɗaukar kaya a filin jirgin sama, ya rasu, haɗa turaren wuta ne sana'arta. Ba a taɓa yin Juma'ar da ta bar ɗanta Jabir ya fita da rigar da ba ta sha hayaƙi ba. Jabir ya daɗe yana neman aiki kafin a ɗauke shi a sashen karɓar baƙi na jirgin, kuma yana cikin watannin gwaji. Shi ya samo mata ɗaki, ya tsaya mata a matsayin baƙuwarsa.

Tun a tashar Jidda ya ja mata kunne, rabi Hausa rabi Larabci.

"Ummi, wuta mamnu', an hana. Ko ashana. Fahimti?"

"Na ji, ɗan nan. Ni yarinya ce?"

Gawayin yana ƙasan gwangwanin dabino.

Zaman jirgin bai kwanta mata ba. Abinci ba ya yankewa, amma ba mai cewa bismillah, matso. Mutane suna shanya kansu a rana kamar kuɓewa. Kullum sai ta tarar an naɗe mata tawul kamar agwagwa, ta warware shi tana tsaki. Ɗakin kuwa warin asibiti yake.

Da safiyar Juma'a Jabir ya leƙo, ya rataye rigar aikinsa ta canji a ɗakinta, ya wuce. Ta dubi rigar, ta shinshina. Sabulu kawai. Ta ce a ranta, ai ɗan gawayi guda ba wuta ba ne.

Hayaƙin bai gama zagaya wuyan rigar ba wani ɗan farin faifai a rufi ya ƙwala ihu. Ta kaɗa masa mayafi, ya ƙara. Lasifika ta ɗauka, ƙafafu suka cika lungu. Ta juye ruwan shayi a kaskon ta fito, ta bi ayarin masu rigunan ceto zuwa fili. Yara suna kuka. Wata tsohuwa ta riƙe hannunta tana salati tana tambaya ko nutsewa za a yi. Inna Hasiya ta kasa haɗa ido da ita.

Can sai ga jami'in tsaron jirgin, kasko a hannu ɗaya, riga a ɗayan, sunan Jabir yana sheƙi a ƙirjinta. Aka kira Jabir. Ya zo ya tsaya.

"Rigarka ce?"

"Tawa ce."

"Kai ka kunna?"

Jabir ya sunkuyar da kai. Ta san halinsa tun yana ƙarami. Zai ce shi ne, ya ajiye musu aikin, ya koma zaman ɗaki a Jurf yana kallon waya. Jami'in ya riga ya miƙa hannu zai karɓi katin wuyansa.

"Ya ustaz," ta ce da Larabcinta na kasuwa, "dubi hannunsa, ka dubi nawa."

Ta buɗe tafinta. Yatsun baƙi ƙirin da gawayi.

"Ya hana ni tun a Jidda. Na ɓoye a cikin dabino. Wannan yaron ko shayi bai iya dafawa ba."

"Ummi, khalas, ya isa..."

"Rufe min baki, ana magana da manya."

Jami'in ya ce dokar ba ta da kwana: wanda ya kunna wuta zai sauka a tasha ta gaba, wanda ya tsaya masa kuma sai an duba lamarinsa.

"Tasha ta gaba ina ce?"

"Yanbu."

"Ai ƙofar gida ce. Ni zan sauka da ƙafata, ba sai an raka ni ba. Shi ku bar shi."

Mutumin ya daɗe yana kallonta. Ya dubi rigar, kamar ma ya ɗan shinshina. Sannan ya sauke hannunsa daga katin, ya ce gargaɗi ne na farko kuma na ƙarshe.

Ta sauka a Yanbu da jakarta, ba kasko, ta hau motar Madina ba ta waiwaya ba, don kada Jabir ya ga fuskarta. Yana jirgin har yau.

Kwanan baya a wani taron suna, maƙwabciyarta Sakinatu, wadda ita ma take haɗa turare, ta ɗaga murya.

"Mai ƙararrawa, yaushe za a koma teku?"

Inna Hasiya ta gyara gawayi a sabon kaskonta.

"Ke dai yi dariyarki, Sakinatu. Nawa turaren bene guda ya tayar tsaye, har da masu wanka. Naki ko mijinki bai taɓa tayarwa daga kan kujera ba."