Yayana da Dajin Narcondam

Yayana Saw Leh Htoo bai taɓa iya zama wuri ɗaya ba. Mahaifinmu ya bar masa gonar shinkafa a Webi, amma ko ana tsakiyar dashe hankalinsa na kan teku. Da wata mai binciken tsirrai, Dakta Sulochana, ta zo neman mai jirgin ruwan da zai kai ta tsibirin Narcondam, kowa ya noƙe saboda nisa. Shi kuwa kafin ta rufe baki ya tafi duba injin jirginsa.

Tsibirin dutse ne guda a tsakiyar ruwa, ba kowa sai 'yan sandan da ke gadi. A can aikin yayana shi ne ya hau bishiya ya tsinko reshe mai fure, ita ta shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, su danne da katako, su busar a kan garwashi. Wata rana ya tambaye ta wa ya shuka dajin.

"Ba kowa," in ji ta. "Wani iri tsuntsu ya kawo a cikinsa, wani igiyar ruwa ta turo. Da suka daɗe su kaɗai, wasu suka sauya kama, har babu irinsu a ko'ina."

Maganar nan ta hana shi sakat. Duk rani sai ya bi ta, har shekarar da reshe ya karye da shi, gwiwarsa ta lalace. Dakta ta ɗauki wani mai hawa.

Zaman gida ya zame masa azaba. Kullum yana ɗingishi a bakin gaɓa, yana tsintar 'ya'yan itacen da ruwa ya watso, yana shukawa a gwangwani. Yawanci ruɓewa suke yi. Waɗanda suka tsiro kuwa, yau ya kai su inuwa, gobe ya mayar rana.

"Baban Paw," in ji matarsa Naw Mu, "tsuntsaye na can suna cin shinkafa, kai kana renon ciyawa."

"Wannan daga nesa ta taso. Bar ta ta huta."

"Kai fa, yaushe za ka huta?"

Da ya ji Dakta ta dawo garin Mayabunder da ke kusa da mu, ya matsa mini sai na raka shi. Ya tsaya gabanta da sandarsa.

"Ba na iya hawa, Dakta, amma wannan sabon naki ƙona miki ganye yake yi. Ni na san wuta."

Ta dube ni, na kawar da kai. Ta ce ya shiga jirgi, amma in ya taɓa bishiya za ta ɗaure shi.

Ya dawo a rame, hayaƙi ya sa idonsa ya yi ja. Ko wanka bai yi ba ya soma tambayar masunta labarin tsibirin Barren, inda dutse ke aman wuta. So yake ya ga wace ciyawa ce ke fara fitowa a kan toka. Naw Mu ta ajiye masa abinci, ta ce mini in daina raka shi ko'ina.