Ranar da Na Goge Shafin Mai Atamfa

A shekarun da mulki ya dawo hannun farar hula, makaranta ta tura ni koyon aiki a wani ƙaramin ofis da ke Titin Ibrahim Taiwo. Mai ofishin, da muke kira Oga, Bayarabe ne haifaffen Fagge, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Kwamfuta ɗaya gare shi babba, an karkasa cikinta zuwa ƙananan sassa da ake kira saba, kowace tana riƙe da shafin intanet na ɗan kasuwa guda, kamar gidan haya mai ɗakuna.

Wata biyu ina shara da karanta littafin umarni kafin ya yarda in taɓa ta. Wani Alhaji mai atamfa a Kantin Kwari ya mayar da shafinsa wani wuri, aka ce in cire sabarsa. Babu abin latsawa, baƙin allo ne kawai sai abin da ka rubuta. Oga ya gargaɗe ni cewa in na ruguza na maƙwabta, to na koma tsintsiya har in gama.

Na fara rubuta umarnin da biro a littafina, na duba shi harafi-harafi sau uku. Na sa injin ya jero sunayen sabobin, na tabbatar da ta Alhaji, na yi bisimilla na buga.

Injin ya ƙi.

Na daɗe ina kallon saƙon da ya fito a allo, kunya ta hana ni ɗaga kai. Da na natsu na karanta, sai na gane dalili. Sabar Alhaji ce aka fara ginawa, don haka duk baƙon da ya shigo da adireshin da injin bai sani ba, wurinta ake kai shi. Ba za a cire ta ba sai an ba wata wannan matsayi. Na je na faɗa wa Oga da ƙaramar murya, na ce zan mayar da matsayin kan shafin wata Hajiya mai kayan kicin a Sabon Gari, tunda ita ce ta biyu a jere.

Ya ajiye kofin shayinsa yana dariya.

"Malam ɗalibi, mutum ya zo neman atamfa ka tura shi layin tukwane? A Kwari in mai shago ya tashi, maƙwabcinsa ne ke nuna wa mutane inda ya koma."

Muka haɗa ɗan shafi na ofis mai layi biyu, yana faɗin sabon adireshin Alhaji. Na ɗora masa matsayin, sannan na sake buga umarnina. Wannan karon injin ya amsa da cewa an gama. Na buɗe sauran shafukan ɗaya bayan ɗaya, duk suna nan lafiya.

Bayan la'asar Oga ya yagi takarda, ya rubuta kalmar sirrin babbar kwamfutar ya miƙo mini. Ya ce in haddace kafin in hau motar gida, takardar kuma in ƙona ta.