Gawon Gwaggo Rabi ba zai faɗi ba

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar Gwaggo Rabi, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun kafin a sa ni lakwal, wato makarantar boko. Allah Ya jiƙanta. Na so in tsaya ga addu'a, amma abin da ya faru a gidanta watan jiya ya sa dole in yi magana.

Lokacin da ta tare a bakin unguwar Zariya, gidanta ne na ƙarshe, daga bayan darninta sai gonaki. Da hantsi kurege na gilmawa a guje. Akwai damo a ramin gindin kalgo, fakara na kuka a cikin gero, bushiya kuwa sai mu tsince ta dunƙule bayan randa. Gwaggo ba ta yi boko ba, amma ta san kowanne da lokacinsa. A kusurwar gidan akwai wani tsohon gawo da shamuwa ke sheƙa a kai. Ranar da suka sauka, a ranar take fiddo irin shuka.

Ita ta fara lura da garmani, hakin nan mai farin ganye da dabba ba ta damu da shi ba. Ta tumɓuko ɗaya ta nuna mini, ta ce, "Wanga ba abokin zama ba ne. Duba, inda ya tsaya kyasuwa ba ta fitowa." Maƙwabta suka yi ta dariya, wai tsohuwa ta rasa abokin faɗa sai ciyawa. Ba ta kula su ba. Kowace damina takan bi filin da awakinta ke kiwo tana cire shi kafin ya yi 'ya'ya, ta tara ta ƙone, har shekarar da gwiwa ta kayar da ita.

Yau in ka bi hanyar Jiratawa ko ta Tsibiri, ka dubi burtali. Garmani ya shimfiɗe, shanu na ratsa shi da yunwa. Gonakin bayanmu sun zama parsel, wato filayen gini, siminti ya rufe ramin damo. Abin da ya yawaita gafiya ce da hankaka, sai bedi, itacen dogon yaro, da ke tsirowa a gindin kowace katanga. Da Gwaggo za ta leƙo, ban ce za ta yi kuka ba. Hauya za ta nema.

Ni ke zaune a gidan yanzu. Watan jiya maƙwabcinmu, wani Alhaji ɗan kasuwa da ya gina bene jikin katangarmu, ya yi sallama tare da masu gatari biyu. Ya ce kashin shamuwa na ɓata masa motoci, kuma ya riga ya yi waya da Sani, ɗan Gwaggo da ke Yamai, shi kuma ya amince a sare gawon.

"Malam, kada ka damu," in ji shi. "Bedi goma zan dasa maka a madadinsa."

Na ce, "Alhaji, Allah Ya ƙara arziki. Bedi kam mun ƙoshi. Gawon ga ya girme ni, ya girmi benenka, kuma da ƙwai a samansa. Ka yi wa motocinka rumfa, ni zan kama maka aikin."

Ya ce ba gidana ba ne. Gaskiya ya faɗa. Na tsaya a ƙofar zaure duk da haka, har masu gatarin suka gaji suka tafi. Washegari na je wurin ma'aikatan daji, suka tabbatar mini ba a sare gawo sai da izini. Na kira Sani, muka yi musu mai zafi. Daga ƙarshe ya ce, "Muryar Inna nike ji a bakinka. A bar shi."

Gwaggo ba ta ci yaƙin garmani ba, ni ma ban ce zan ci ba. Ba ta bar mana zinariya ko shago ba. Ido ta bar mini, wanda ke gane abin da ke ɓacewa tun mutane na dariya, da taurin kan da zai tsaya a ƙofa. Alhaji ya daina amsa gaisuwata. Ni ban daina gaishe shi ba, kuma duk ranar da ya sake aiko gatari, a bakin zaure zai tarar da ni.